Tekun Da Aka Ce Yana Ƙarƙashin Ƙasa: Guga Ba Zai Kai Gare Shi Ba

Daga Wakilinmu a Yawunde

A ƙarshen ranin da ya wuce, wata motar haƙa rijiyar burtsatse, wadda mu a nan muka fi sani da foraj, ta kwana uku tana ruri a wani lungu na unguwar Briketeri da ke birnin Yawunde, ba abin da take fitarwa sai farar ƙura. Kuɗin aikin kuwa karo-karo ne na mutanen lungun, teloli da masu sayar da atamfa da masu tsire, wanda mutanen gari ke kira soya, an yi wata da watanni ana tarawa bayan sallar Juma'a. Da aka kai mita 70 ba a ga ko danshi ba, sai mai aikin ya tara dattawa ya ce su ƙaro kuɗi a ci gaba, domin ai Turawa sun gano wani teku a ƙarƙashin ƙasa wanda ya ninka tekunan duniya sau uku, duk wanda ya daure da haƙa zai cim masa.

Washegari da dare ɗaya daga cikin dattawan, wanda shi ne ke riƙe da kuɗin jama'a, ya same mu a teburin mai shayi bayan mun tashi daga gidan rediyo. Ya ce, "Ɗana, ku da kuke karanta labaran duniya, wannan magana ta teku gaskiya ce ko ta neman kuɗi ce?" Muka ce masa, "Baba Alhaji, ka ba mu kwana biyu, amma kafin nan kada ka fitar da ko dala." Abin da muka tattaro ke nan muke kawo wa mai karatu, musamman 'yan'uwanmu 'yan kasuwa na Garuwa-Bulai da Kiye-Osi da Kusiri da Mubi da Gamboru, waɗanda muka san su ma suna irin wannan karo-karo don sama wa kasuwa ko masallaci ruwa.

Maganar dai tana da tushe, ba ƙirƙira ba ce. Sai dai an ɗauko kanta ne an bar gangar jikinta.

Kafin mu je can nesa, bari mu fara da sunan unguwarmu. Kalmar Briketeri Faransanci ce, ma'anarta wurin yin jan bulo, saboda masana'antar gasa bulo da aka kafa a nan tun zamanin Jamusawa. To, duk wanda ya taɓa aikin laka ya san cewa tubalin da aka shanya a rana, komai bushewarsa, idan ruwan sama ya dake shi zai koma laka, amma wanda aka gasa a wuta ba ya komawa har abada. Dalili shi ne, ruwa iri biyu ne a cikin yumɓu. Akwai wanda aka kwaɓa shi da shi, wannan rana ce ke shanye shi. Akwai kuma wanda yake cikin halittar yumɓun kansa, wanda ba a gani, ba a jin danshinsa, ba ya fita sai wuta ta haura digiri 500. A farin yumɓu wannan ɓoyayyen ruwa ya kai kusan kashi 14 cikin 100 na nauyinsa. Idan ya fita, yumɓun ya zama wani abu dabam ke nan. Haka ma kanwar da fatake ke kawowa daga yankin Tafkin Chadi, ga ta busasshiya ƙarau a buhu, amma akwai ruwa ɗaure a cikin ƙwayoyinta.

Irin wannan ruwa ne masana suke magana a kai. Babu kogo cike da ruwa a can ƙasa, babu kifi, babu igiyar ruwa. Dutse ne mai tauri, wanda sinadaran da ke haɗuwa su zama ruwa, wato haidurojin da oksijin, suka shige cikin ƙirarsa suka zauna.

Masana sun ce duniyarmu kamar mangwaro take, akwai ɓawo, akwai tsoka, akwai ƙwallo. Ɓawon shi ne inda muke gini da noma da haƙa, kaurinsa a ƙarƙashin nahiyoyi bai wuce kilomita 30 zuwa 50 ba. Daga nan sai tsokar, wadda dutse ce mai zafi da ta gangara har kusan kilomita 2,900. A cikin wannan tsoka akwai wani falle da ya fara daga kilomita 410 ya tsaya a 660, inda nauyin abin da ke sama ya kai kamar sau 200,000 na nauyin iskar da ke kanmu, zafi kuma ya kai wajen digiri 1,500. Saboda wannan matsi, wani koren ma'adini da ake kira olibin, wanda shi ya fi yawa a saman tsokar, sai ya sake ƙira ya zama wasu ma'adinai biyu. Na ƙasan, daga wajen kilomita 520 zuwa 660, shi ake kira ringudait, an sa masa sunan wani masani ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Ted Ringwood. Tun a 1987 wani malamin Jami'ar Kolorado ta Amurka, Joseph Smyth, ya yi lissafi ya ce duwatsun wannan falle za su iya riƙe ruwa mai yawa. Amma iya riƙewa dabam, a tarar da ruwan a ciki dabam. Ringudait ɗin ma kansa, ba a taɓa ganin na cikin ƙasa ba a lokacin, sai wanda aka tsinta a 1969 cikin wani dutse da ya faɗo daga sama, sai kuma wanda aka haɗa a ɗakin bincike.

Don mai karatu ya gane nisan da ake magana, ya tuna jirgin ƙasan da muke shiga da yamma a tashar Yawunde mu wayi gari a Ngaundare. Tsawon wannan hanya kilomita 622 ne. To, a kafa wannan layin dogo a tsaye, kansa na ƙasa, har yanzu bai kai gindin fallen ba. Rami mafi zurfi kuwa da ɗan Adam ya taɓa haƙawa shi ne na Kola a arewacin Rasha. An fara shi a 1970, sai a 1989 aka kai mita 12,262, daga bisani aka haƙura, domin zafin ƙasan ya kai digiri 180, dutsen ya fara yin laushi yana kama bakin injin. Shekara 19 da dukiyar Tarayyar Sobiyet, ba su yi nisan da ke tsakanin Briketeri da filin jirgin saman Nsimalen ba. Ƙasar Sin ma da ta gwada nata a kwarin Tarim, a mita 10,910 ta tsaya a 2025. Ina kuma ga motar da ta zo lungunmu da bututu ɗaiɗai a bayanta?

To, idan ba wanda ya je, yaya aka yi aka sani? A nan ne labarin ya shafi sana'ar wasu daga cikin masu karatunmu kai tsaye, domin ɗan aiken da ya kawo shaidar lu'ulu'u ne, wato diyaman ko daimon.

A shekarar 2008 masu haƙar gargajiya, irin waɗanda muke gani suna tankaɗe tsakuwa a rafukan Karno da Barbarati, suka tsinci wani ɗan dutse a yankin Juina na jihar Mato Grosso da ke ƙasar Brazil. Mummuna ne, launin ƙasa-ƙasa, duk ya lotse, nauyinsa bai kai rabin karat ba. Duk dillalin da ya san aikinsa zai ture shi gefe ne. Kimanin dalar Amurka 20 aka saye shi. Ya faɗa hannun ayarin Farfesa Graham Pearson na Jami'ar Albata da ke Kanada, inda a 2009 wani ɗalibinsa ya hango wani ɗigo a cikinsa wanda bai kai kaurin silin gashi ba. Sun shafe shekaru suna gwaji kafin su yarda da abin da idonsu ya gani, sannan a watan Maris na 2014 suka buga sakamakon a mujallar Nature. Ɗigon nan ringudait ne, na farko da aka taɓa samu daga cikin ƙasa, kuma kimanin kashi 1.5 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne.

A lissafin kasuwa, idan ka auna buhu mai kilo 100 na wannan dutse, ruwan da ke ciki lita ɗaya da rabi ne, wato babbar gorar ruwan da ake sayarwa a tasha. Ba yawa a buhu guda. Amma fallen ya zagaye duniya baki ɗaya, kaurinsa kilomita 250, saboda haka Pearson ya ce mai yiwuwa ruwan da ke wurin ya kai na dukkan tekunan duniya a haɗe.

Abin da ya sa lu'ulu'u ya iya wannan aike shi ne taurinsa. Ringudait ba ya jure sauƙin matsi, da zarar ya taso sama sai ya koma olibin. Amma idan lu'ulu'u ya girma ya rufe shi a ciki tun a can ƙasa, to ya zama kamar kayan da aka kulle a akwatin ƙarfe, sai narkakken dutse ya yi tsiri da shi zuwa sama cikin sauri, ya iso yadda yake. Mafi yawan lu'ulu'un da ke kasuwa daga zurfin kilomita 150 zuwa 200 suke fitowa, ƙalilan ne ke zuwa daga can ƙasa sosai, kuma Afirka na da rabo babba a cikinsu. Na yankin Kankan a ƙasar Gini sun yi suna a wajen masana saboda haka. A 2022 kuma wata masaniya mai suna Tingting Gu, da ke aiki a cibiyar tantance duwatsu masu daraja ta Amurka, ta ba da rahoton wani lu'ulu'u mai karat 1.5 daga mahaƙar Karowe ta Botswana, wanda ya taso daga wajen kilomita 660, da ringudait a cikinsa tare da wasu ma'adinai masu ɗauke da ruwa. Wannan mahaƙa ce dai ta fitar da ƙaton nan mai karat 2,492 a watan Agustan 2024.

Wani abin dariya a nan shi ne, tabon da ke karya farashin dutse a hannun dillali shi ne abin da malamin jami'a ke nema ido rufe. Amma kada wani ya ji haka ya ɗauka tarkacen da ke ƙasan jakarsa sun zama dukiya. Masu bincike ba su da yawa, ba su sayen dutsen da ba a san ramin da ya fito ba, kuma tun da Kamaru ta shiga tsarin Kimbali a 2012, dutsen da ba shi da takarda wahala yake jawo wa mai shi a kan iyaka.

Batun "sau uku" kuwa daga wani bincike na biyu ya fito, wanda aka buga a mujallar Science a watan Yunin 2014. Brandon Schmandt na Jami'ar New Mexico da Steven Jacobsen na Jami'ar Northwestern sun yi irin abin da mai sayen tulu ke yi ne, wato ya ƙwanƙwasa ya saurara ko akwai tsaga. Su girgizar ƙasa ce ke yi masu ƙwanƙwasar. Sun duba bayanan girgiza sama da 500 da na'urori fiye da 2,000 suka naɗa a faɗin Amurka, suka lura cewa a daidai ƙasan kilomita 660 motsin girgizar na rage gudu, alamar dutsen wurin ya ɗan narke kaɗan. Bayaninsu shi ne, idan ringudait ya nutse ya wuce wannan iyaka yakan rikiɗe ya zama wani ma'adini da ba ya iya riƙe ruwa sosai, sai ya saki na jikinsa, ruwan kuma ya sa dutsen ya fara narkewa. Daga nan suka ce, idan kashi 1 cikin 100 na nauyin duwatsun wannan falle ruwa ne, to zai kai kusan ninki uku na tekunan duniya. Mai karatu ya lura da kalmar "idan". Ita ce ta faɗi a hanya kafin labarin ya iso lungunmu. Har yau masana na muhawara a kan ko fallen jiƙe yake ko'ina, ko kuwa wuri-wuri ne.

Da muka kawo wannan bayani a shirinmu na dare, wata Hajiya ta bugo waya ta ce, "Malam, to ruwan da ba a sha, ba a alwala da shi, mene ne amfaninsa?" Tambaya ce mai kyau. Amsar ita ce, ruwan nan ba a zaune yake ba, yana cikin wata doguwar fatauci ce tsakanin sama da ƙasa. A wasu gaɓoɓin teku, musamman kewayen tekun Pasifik, daɓen teku yana nutsewa a hankali cikin tsokar duniya, 'yan santimitoci a shekara, ɗauke da ruwan da duwatsunsa suka sha. Ta bakin duwatsu masu aman wuta kuma ruwa yake komowa, domin mafi yawan hayaƙin da suke fitarwa tururi ne. Ruwan da ke cikin dutse shi ke sa shi saurin narkewa da sauƙin motsi. Wasu masana na ganin wannan shiga da fita ce ta sa tekuna ba su ƙafe ba, ba su kuma shanye tudu ba, tsawon miliyoyin shekaru.

Mu a Kamaru ba sai an ba mu labarin cewa cikin ƙasa na numfashi ba. Dutsen Kamaru da ke Buya ya yi aman wuta a 1999, har narkakken dutse ya datse hanyar Limbe zuwa Idenau a wajen Bakingili, ya sake yi a 2000. Waɗanda suka manyanta kuma ba za su manta da daren 21 ga Agustan 1986 ba, lokacin da tafkin Nyos ya saki iskar kabon da ta taru a gindinsa, ta hallaka mutum 1,746 da dabbobi kusan 3,500, da yawa daga cikinsu shanun Fulani makiyaya ne. Shekara biyu kafin nan tafkin Monun ya ci mutum 37. Waccan iska ce ba ruwa ba, kuma tushenta bai kai zurfin da muke magana ba, amma ita ma daga narkakken dutse ta tsattsafo. Sai a 2001 aka kafa bututun farko da ke rage ta a Nyos. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Mu koma ga kuɗin Baba Alhaji. Ruwan da foraj ke kamawa ruwan sama ne da ya tsuma cikin ƙasa, ba shi da wata alaƙa da ringudait. Kuma inda yake taruwa ya danganta da irin ƙasar da garinku ke kai, wannan shi ne abin da ya kamata kowane kwamitin kasuwa ya sani kafin ya sa hannu a takarda. Yawunde a kan tsohon dutse mai tauri take zaune, haka Garuwa-Bulai da Kiye-Osi da Mubi. A irin wannan wuri ruwa na zama ne a jar ƙasa da ruɓaɓɓen dutsen da ke sama, sai kuma cikin tsagogin dutsen, galibi a 'yan gomomin mitoci na farko. Iya zurfin da ka ƙara, iya yadda tsagogin ke raguwa suna haɗewa. Wanda ya wuce su bai dace ba, ƙarin haƙa ƙarin asara ne kawai, gara ya matsa gefe, domin wani lokaci tazarar 'yan taku ce tsakanin busasshen rami da mai ruwa. Shi ya sa ake kiran masu na'urar auna ƙasa da lantarki su duba kafin mota ta zo, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar kuɗin rami ɗaya da ya mutu ba.

Mutanen Kusiri da Gamboru da Maiduguri kuwa nasu dabam ne. Su a kan kwarin Tafkin Chadi suke, inda yashi da laka suka jeru hawa-hawa, saboda haka akan yi ɗaruruwan mitoci a tarar da ruwa mai kyau, har a Barno an yi rijiyoyin da ruwa ke tunkuɗo kansa sama ba tare da famfo ba. Mai haƙan da ya saba da can, idan ya zo nan ya ce a daure a ƙara zurfi, wataƙila ba ƙarya yake nufi ba, ƙasar ce bai sani ba. Wanda ya kawo zancen teku kuwa, mu dai ba mu ga alamar rashin sani a tattare da shi ba.

A ganinmu ma, matsalar Briketeri ba ta rashin ruwa a ƙasa ba ce. Garin da ke samun ruwan sama kusan milimita 1,600 a shekara, damina biyu, bai kamata ya yi kukan ƙishirwa ba. Rijiyoyin gidajenmu na gangare suna da ruwa har a rani. Abin da ke akwai shi ne cunkoso, gida a jikin gida, rijiya nan masai can, tazarar da ke tsakaninsu wani lokaci ba ta wuce tabarma biyu ba, ga kwatocin da ke gangarawa rafin Mfundi cike da shara. Mun ga abin da kwalara ta yi a birnin nan a 2011, mun sake gani a 2023. Ruwan famfo kuwa, bayan na Akomnyada da ake jawowa daga kogin Nyong, a 2024 an ƙaddamar da babban aikin da ke ɗebo ruwa daga kogin Sanaga ta wajen Batchenga, mai ƙarfin tace mita kubik 300,000 a rana. Ruwan ya ƙaru a gari, saura ya shiga kowane lungu, kuma jawo reshe daga babban titi zuwa ƙofar masallaci abu ne da kwamiti zai iya nema a rubuce.

Mun mayar wa Baba Alhaji da wannan bayani a shagonsa, ya sa aka kira sauran dattawa aka maimaita a gabansu. Wani tela ya nemi a sake faɗa masa lissafin jirgin Ngaundare, da ya ji sai ya yi salati ya koma kan kekensa. An sallami mai motar da abin da aka yi yarjejeniya tun farko, an toshe ramin da kankare don kada ƙazanta ta bi ta nan ta gangara. Abin da ya rage a asusu an raba shi biyu, kashi ɗaya na mai na'urar da zai zo ya auna filin bayan makarantar allo, ɗayan kuma na ɗaure bakin tsohuwar rijiyar masallaci da sayen maganin tsabtace ruwa. Zuwa lokacin da muke haɗa wannan rahoto, yaran lungun na nan suna jigilar jarkoki daga famfon bakin titi, ana jiran mai na'urar ranar Asabar.